Kiban Bayan Ƙofa

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da tef, har yau ban ga namijin da ya faɗa mini gaskiyar ƙugunsa ba. Mutum zai shigo shago da tumbi kamar randa, ya dube ni ido cikin ido ya ce talatin da huɗu. Ba na musu da shi. Sai in ce ya ɗaga hannu, in zagaye shi da tef, in rubuta arba'in da biyu a bayan takarda inda ba zai gani ba. Dariya nake yi musu a raina, ina ganin ni na fi ƙarfin irin wannan ƙaryar. Ashe ranata ce ba ta zo ba.

Babanmu maharbi ne. Aikin da ya ci albashi da shi gyaran famfo ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa, baka zai nuna maka. Mu biyu ya haifa. Yaya gajere ne kakkaura, shi da Baba kamar an tsaga kara. Ni kuwa na fito dogo siriri, hannuwa har gwiwa, shi ya sa tun ina ƙarami sunana a gida Dogo. Sau ɗaya tak Baba ya taɓa miƙo mini bakansa, ina ɗan shekara goma sha biyar. Na ja, na ja, tsirkiyar ko hancina ba ta kai ba, kibiyar ta suɓuce ta soki ƙofar makwabta. Ya karɓi abinsa ya juya. Daga ranar, duk lokacin farauta da Yaya yake fita, abokansa kuma in sun gan ni sai su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na tafi na koyi ɗinki.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, na dawo da shi gidana. Ni nake masa wanka, ni nake masa aski. Na ciccire maɓallan rigunansa duka, na sa musu zif mai babban zobe don ya iya ja da hannun hagu. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, uba ne, dole ce. Na faɗa ne don a gane yadda maganar da ya yi bara ta zauna mini.

Yaya ne ya zo duba shi, hannu rataye a wuya, an yi masa aiki a kafaɗa. Muna zaune a tebur ya ce likita ya hana shi jan baka har abada. Baba ya daɗe yana kallon farantinsa. Can ya ce, da muryar nan tasa da ta koma ja a hankali, "To, shi ke nan. Farauta ta ƙare a gidan nan."

A daidai lokacin ina yayyanka masa nama ƙanana don kada ya sha wuyar tauna. Ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Kawai ba na cikin lissafin ne.

Bayan sati biyu na sayi baka.

Matata ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Kai da ko kaza sai ka kai wa mahauci ya yanka maka?"

Na ce ta dai rufa mini asiri. Na ɓoye bakan a shago bayan bandir-bandir na yadi. Sau uku a sati, kafin in buɗe shago, ina filin ƙungiyar maharba ina harbi da kiban gwaji na aro, masu ɗan tsini kamar fensir. Tsirkiya ta kumbura mini hannu, yatsuna suka yi kanta har zare ya daina zama a cikinsu. Wata takwas ina haka, sannu ba ta hana zuwa, har kibau suka fara taruwa a wuri ɗaya.

Ƙungiyar na da ƙa'ida. Sabon shiga ba ya samun izinin fita daji sai ya sa kibiya uku, masu kan farauta na gaske, cikin da'ira mai faɗin faranti da aka zana a takarda, daga taku ashirin. Saura kwana tara a yi gwajin, ni kuwa ba ni da kibiyar farauta ko ɗaya. Amma na riga na san waɗanda nake so. Na ƙudurta a raina da kiban Baba zan harba, in zo in ɗora masa su a cinya tare da takardar da suka huda, in ga abin da zai ce.

Kayansa suna cikin sito. Kwarinsa na fata yana rataye a ƙusa, da kibau shida a ciki, kowace da jan zare a gindi da lamba da ya rubuta da fenti kusa da gashin, ɗaya zuwa shida. Baba ba ya sa wa kibiya lamba sai ya ga tashinta da idonsa, wadda ta fi miƙewa ita ce ta ɗaya. A bayan ƙofa kuma akwai wani tsohon bokiti da ya cika da tarkace, guntayen bututu, sandar lema, da wasu dogayen kibau da ƙura ta rufe, waɗanda yake kira kangararru. Ban ko dube su ba. Na zare shidan nan, na naɗe su cikin ƙyalle, na fice kamar ɓarawo a gidana.

Mai shagon kibau a garinmu Sikeli ake ce masa, domin komai sai ya auna. An ce har sukarin shayinsa. Shagon siriri ne mai tsawo, yana warin gam da ƙonannen gashi. Daga ƙofa akwai bencin aiki da ƙaramin injin yanka, bango cike da sandunan kibau a jere, can ƙurya kuma an kafa firam da aka ɗame farar takarda a kai, da tulin soso a bayanta don tare kibiya.

Na warware ƙyallen a kan benci. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ga jan zaren.

"Na san mai waɗannan," ya ce. "Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Malam."

"Kai ne telan ke nan. Me za a yi musu?"

Na ce a duba mini su, a wasa kawunan, da su zan shiga gwaji. Ya ajiye kibiyar, ya buɗe jakar bakana ya ɗaura tsirkiya.

"Kilo nawa yake ja a hannunka?"

"Talatin," na ce. Bakan Baba ne ke jan talatin. Ban san lokacin da ta fito ba.

Ya dubi tsintsiyar hannuna, bai yi musu ba. Na san irin wannan shirun, da shi nake cin abinci. Ya ɗauko wani ma'auni mai ƙugiya, ya maƙala a tsirkiyar, ya ce in ja har inda na saba tsayawa. Na ja har na ji kafaɗata tana ƙara. Ya leƙa.

"Ashirin da ɗaya. Sauran taran a gida ka baro su?"

Kunya ta rufe ni har wuya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na fara wani bayani a kan cewa ban karya ba da safe, ya ɗaga mini hannu.

"Malam Tela, ashirin da ɗaya ba abin kunya ba ne. Ya isa barewa, in kibiyar ta dace. Ƙaryar ce ba ta kashe komai. Zo a auna hannun."

Ya ba ni wata doguwar kibiya marar kai, da aka yi wa zane-zanen inci kamar tef ɗina. Na ja har tsirkiya ta taɓa gefen bakina. Ya karanta inda ta tsaya a gaban bakan, ya sa na sake har sau uku.

"Talatin da ɗaya. Kibiyarka sai ta kai talatin da biyu, don kai ya tsaya nesa da yatsu." Ya ɗora ta Baba a kan awon benci. "Wannan ashirin da takwas da rabi."

"Sai in rage ja," na ce.

"Kai in mutum ya kawo maka wandon ƙanensa ya ce zai riƙa tanƙwashe gwiwa, me za ka ce masa?"

Ya kwance kan kibiyar Baba, faffaɗan ƙarfe mai baki biyu kamar ganyen wuƙa, ya ɗaura wani mai faɗinsa amma dakusasshe, wanda ya ajiye don masu taurin kai irina. Ya ce in ja a hankali. Na fara ja. Tsirkiya ba ta kai haɓata ba na ji sanyin ƙarfe ya dafe ɗan alin hannuna na hagu, wanda ke riƙe da baka.

"Da mai kaifin ne," Sikeli ya ce, "gobe wa zai riƙe maka yadi a ƙarƙashin allura?"

Na mayar da tsirkiyar. Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da hannuwan nan nawa da tun haihuwa ba su taɓa yin daidai da komai na Baba ba. Na ce duk da haka ya bari in harba ko sau ɗaya ne. Ya ga dai sai gani ya kori ji. Ya ɗaura mata kan gwaji, ya tsayar da ni taku biyar daga takardar. Na ja guntun ja, na saki. Kibiyar ta ratsa takardar a karkace, ta bar doguwar yaga kamar aljihun da ƙusa ta kama.

"Ka gani? Kai ya shiga ta nan, gindi ya bi ta can." Ya sa yatsa cikin yagar. "Kibiya ba a miƙe take barin baka ba. Tsirkiya na turo ta sai ta ɗan lanƙwashe, ta zagaye bakan, sannan ta miƙe. Waɗannan masu tauri ne, sai baka mai ƙarfi irin na babanka ke iya lanƙwasa su. Naka ba zai iya ba, don haka suke shan hagu. Yanzu ma da ɗan tsini ke nan. Ka ɗaura mata faffaɗan kai, iska ta kama shi, sai inda Allah ya kai ta."

"In na saba da su fa?"

"Sai ka nufi haƙarƙari ka sami ciki. Dabba ta shige kurmi, ta kwana uku tana mutuwa. Babanka zai yafe maka in ka kuskure gaba ɗaya. Wannan ba zai yafe maka ba."

Gaskiya ce, na kuma san gaskiya ce. Na zauna a kan kujerarsa ina kallon kibau shidan. Don in sami abin cewa, na nuna wasu kawuna masu ƙyalli a cikin gilashi, irin masu wuƙaƙe uku a naɗe, da ke buɗewa in sun daki nama. Na ce to ya ba ni waɗannan.

"Kyau gare su, ko? Buɗewar nan ƙarfi take ci. Mai kilo talatin yana da rarar da zai ba su, kai ba ka da ita. Kai naka mai baki biyu ne, wanda ke fara yanka tun daga tsini." Ya ɗora kan kibiyar Baba a kan ƙaramin sikelinsa. "Giram takwas. Ka ga waɗannan kam naka ne, ba su san tsawon hannu ba. Zan ba ka kawunan gwaji masu nauyinsu daidai, don abin da ka saba da shi a fili shi za ka tarar a daji. Saura sanduna."

Ya bi bangon yana shafawa, ya zaro wannan ya mayar, ya leƙa ƙarƙashin benci. Masu laushin da yake da su duk gajeru ne, dogayen kuma duk masu tauri. Ya ce dogayen mutane ba su cika zuwa wurinsa ba, sai dai ya aika a kawo, sati uku.

"Gwajin saura kwana tara," na ce.

"To, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai na baɗi."

Shi baɗi ba komai ba ce a wurinsa. Ni kuwa ni nake ɗaga Baba daga gado kullum da safe, na san yadda nauyinsa ke raguwa a hannuna. Ban faɗa masa haka ba. Na naɗe kayana na yi masa sallama.

Da la'asar na isa gida. Ina shiga na ga matata a ƙofar kicin tana yi mini alama da ido. A cikin lungun da ke zuwa sito, ga Baba a kan kekensa na guragu, ƙofar sito a buɗe, yana fuskantar kwarin da ke rataye wayam. Daga baya ta gaya mini tsintsiya ta shiga ɗauka, shi kuma ya hango.

Na gaishe shi. Ya amsa. Na wuce ta gefensa, na warware ƙyallen, na fara mayar da kibau ɗaya bayan ɗaya, ina jin idonsa a ƙeyata.

"Ta huɗu ka sa a gurbin ta biyu," ya ce.

Na gyara.

"Wa ka ba aro?"

"Ba kowa, Baba. Ni na ɗauka."

"Ka yi me da su?"

Ina da shekara arba'in da shida, ina da 'ya a jami'a, amma sai na ji kamar yaron da aka kama yana sata. Na gaya masa komai, bakan da ke bayan yadi, wata takwas ɗin, gwajin, da abin da ya faru a wurin Sikeli. Har maganar kilo talatin ban ɓoye ba. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Ina bakan?"

"Yana mota."

"Kawo."

Na kawo, na ɗaura tsirkiya a gabansa. Ya ce in ja, amma kada in kuskura in saki babu kibiya. Na tsaya a lungun, na ja har gefen baki, na riƙe. Ya ce in sake. Na sake. Ya daɗe yana kallon gwiwar hannuna da kafaɗata, irin kallon da yake wa famfo kafin ya ɗora sufana.

"Wa ya koya maka tsayuwa?"

"Mutanen fili."

"Ba laifi." Ya sake duban bakan. "Kilo nawa ka ce?"

"Ashirin da ɗaya."

"Jawo bokitin can."

Na zaci wani ƙarfe yake nema. Na jawo shi daga bayan ƙofa, gizo-gizo na gudu. Ya nuna kangararrun da haɓa. Bakwai ne, na alminiyam, dogaye, gashinsu duk asu ya cinye. Matata ta kawo tsumma na goge su, sai ga launinsu ya fito, kore mai duhu. Babu lamba a jikin ko ɗaya.

Ya sa muka tura shi falo, gaban teburin gilashi. Ya ce in ɗora su ɗaya-ɗaya, gindin ya leƙo waje. Ya sa tafin hannunsa na hagu ya mirgina ta farko, ya kwantar da kai yana sauraro. Ta tafi sumul. Ta biyu ma haka. Ta uku ta riƙa ɗan bugun gilashin, ƙwas, ƙwas, ya ture ta gefe. Da aka gama, biyar suka tsira.

"Shekara goma sha takwas ke nan," ya ce. "Saƙo na ba da, aka kawo mini waɗannan. Na harba, suka riƙa rawa a iska kamar mashaya. Laushi ya yi musu yawa. Ko na yanke su ba za su yi ba." Ya tsaya ya huta, magana tana gajiyar da shi. "Kai wa Sikeli. Ya sa sabon gashi. Ka ce na ce kada ya yanke ko rabin inci."

Washegari ban buɗe shago ba sai da na biya wurin Sikeli. Ya ɗora ɗaya a kan awo, talatin da biyu cif. Ya dafa ta a tsakiya ya ga yadda take lanƙwasa, ya karanta rubutun jikinta, ya dube ni ta saman gilashin idonsa.

"Ina ka samo?"

"Bayan ƙofa."

Ya kankare tsohon gam, ya manna sabon gashi uku-uku, ya ce in dawo jibi in ya kama. Da na dawo ya ɗame sabuwar takarda. Na tsaya taku biyar, na ja har inda hannuna ke so, ba tare da tanƙwashe komai ba, na saki. Muka taka muka duba. Rami ne ƙarami zagayayye, da tsagu uku na gashi kewaye da shi, kamar an huda da gangan. Sikeli ya cire takardar ya ninke ta ya ba ni, ya ce in kai wa dattijo.

Wasa kawunan a gida muka yi, da hantsi, a bakin taga. Baba ya so ya yi da kansa, amma dutse yana son hannu biyu. Ya zauna yana ba da umarni, ni ina gogawa. Bai san rabin rayuwata a wasa almakashi ta tafi ba. Da na gama na farko ya nuna mini hannunsa na dama, wanda ba ya motsi, ya ce in gwada a kan gashin. Na ɗora bakin ƙarfen a hankali, gashin ya zube kamar an yi aski.

"Hannunka ya san kaifi," ya ce.

Na sunkuyar da kai na ɗauki na biyu, domin ban yarda da fuskata ba.

Kwana biyar da suka rage na yi su ne a fili, ina harba biyar ɗin da kawunan Baba cikin tulin soso, ina sake wasawa. Ranar gwaji da sassafe na shiga ɗakinsa don in yi masa wanka kafin in fita, sai na tarar ya riga ya ja zif ɗin rigarsa har wuya, hula a karkace.

"Ina zuwa, Baba?"

"Kana tsammanin zan sa wa kibiya lamba ban ga tashinta ba?"

Muka naɗe keken muka sa a bayan mota. A fili tsofaffin 'yan ƙungiya suka yanyame shi da gaisuwa, har da biyu daga cikin masu maganar albasa. Ya amsa sama-sama, ya ce a tura shi bayana daidai, inda zai ga kibiya daga gindi.

Mu huɗu ne sababbi, ni ne na ƙarshe. Da aka kira ni na taka gaba a tsorace, kuma ba da'irar nake tsoro ba. Na ɗora ta farko, na ja, na saki da wuri. Ta shiga, amma a can gefe, sai da alƙalin ya taka ya duba ya ɗaga hannu.

"Riƙe numfashi, Dogo," na ji daga bayana. "Ba wanda ke korarka."

Ta biyu ta tafi kamar an ja zare, ta zauna a tsakiya. Ta uku ta sauka kusa da ita da faɗin yatsu uku. Alƙalin ya rubuta sunana. Wani ya dafa kafaɗata yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mutumin da shekara talatin yake ganina da rarrafen. Na ƙyale shi. Baba ya ce a bar ni in harba sauran biyun ma, ya gani. Na harba.

Na zaro su duka na kawo masa, na ɗora a cinyarsa tare da takardar. Ya laluba aljihu ya fito da ɗan alƙalamin fenti, ashe tun daga gida ya sa matata ta nemo masa. Ya ware wadda ta shiga tsakiya. Na riƙe masa sandar, shi kuma ya rubuta da hagu. Lamba ɗayan ta fito a karkace, kamar sandar tsoho. Ya bi sauran har biyar, yana tunani kafin kowace.

Da ya gama bai sake su ba. Ya shafa koren ƙarfen da babban yatsa.

"Na ce musu kangararru," ya ce. "Ba su yi laifin komai ba. Bakana ne bai dace da su ba, ni kuma ban nemo musu nasu ba. Na jingine su bayan ƙofa." Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da ba na tuna rabon da ya yi. "Na daɗe ina barin abu a bayan ƙofa, Dogo."

Na so in ce ba komai, Baba, kamar yadda ake cewa. Amma da komai, shekara talatin da ɗaya ne, kuma shi ma ya sani. Sai na durƙusa na gyara masa ƙafar da ta zame daga matakin keken, na daɗe a wurin fiye da yadda gyaran ke bukata. Na ji hannunsa na hagu ya sauka a kaina, da ɗanyen fenti a yatsun.

Da muka koma gida ya ce in ɗauko kwarinsa. Na zare shidansa na ajiye a tebur, na zura nawa. Suka leƙo sama da kusan faɗin tafin hannu, suna rangaji, da na ɗan karkata sai ta biyar ta zame ƙasa. Matata ta yi dariya ta ce kamar ni a gadon yara.

"Ba zai ɗauke su ba," Baba ya ce. "Mayar da nawa. Kai ai tela ne. Ka ɗinka naka, da fata mai kauri a ƙasa saboda kaifi. In ka gama ka kawo in gani, wannan ɗinkinsa bai taɓa gamsar da ni ba."

Na ciro tef daga aljihu. Ya karɓi bakin ya dafe shi a kan tsinin ta ɗaya, ni kuma na ja zuwa inda gashi ya fara, na ƙara na ɗinki.

"Nawa?" ya ce.

Na faɗa masa. Sannan na rubuta a gaban takarda, ba a bayanta ba, na juya ta inda zai gani.